Daren da Na Sauya wa Kwamfuta Fuska

Ɗan ƙanwata ne ya ja mini. Ya zo hutu ya tarar ina ƙorafi a kan kwamfutata ta hannu, wadda ta tsufa har ba ta da guntun ƙarfen tsaron nan, TPM 2.0, da Windows 11 ke nema, ga shi kuma tun ranar 14 ga Oktoban 2025 wa'adin kula da Windows 10 ya cika. Ya ce, "Kawu, ai ba sai ka sayi sabuwa ba. Mu sa mata Linux." Na ce nawa ne? Ya ce kyauta. Daga nan ban ƙara jin sauran bayanin da ya yi ba.

Ya ɗauko filashi ya sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, a gefen Windows, don na ƙi yarda a goge tsohuwar. Masu Ubuntu gig 25 suke cewa a tanadar mata a rumbun ajiya, shi kuma iyakar abin da ya iya yanko mata ke nan. Ranar da zai koma makaranta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, don Allah kada ka taɓa abin da ba ka sani ba." Ni da aka yi sunansa a gabana, na ci naman ragon!

Kwamfutar ta yi kyau, amma nawa gare ta. Ram ɗinta gig 4 ne, in ka danna abu sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ya buɗe. Da na bincika sai na gano wani abu da mu 'yan Windows ba mu saba da shi ba. A Linux, zuciyar manhajar, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, daban take da fuskar da kake gani, wato tagogi da maɓallai da wurin agogo. Fuskar nan ana cire ta a sa wata. Wadda ke zuwa da Ubuntu sunanta GNOME, 'yan Meziko biyu ne suka fara ta a 1997, Miguel de Icaza da Federico Mena. Akwai KDE, wadda wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich, ya fara a 1996. Akwai kuma Xfce ta Olivier Fourdan, mutumin Faransa, wadda aka yi wa shaidar rashin nauyi, tambarinta ma ɓera ne. Na ce ai ko ɓeran nan nawa ne.

Na jira dare ya raba, na sayi datar dare mai araha, na buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni, na rubuta sudo apt install xfce4. Ta nemi kalmar sirri. Na danna, ba abin da ya fito. Ko tauraro ɗaya. Na sake dannawa da ƙarfi, shiru. Na kifa kwamfutar na girgiza, ɓawon gyaɗa ya zubo, na hure madannan ɗaya bayan ɗaya. Ashe haka tagar take, ba ta nuna komai in ana rubuta kalmar sirri, don kada na bayanka ya ƙirga haruffan. Ni kuwa ba kowa a bayana sai sauro.

Rubutu ya yi ta gudu. Can sai ga tambaya, wai in zaɓa tsakanin gdm3 da lightdm, linzami kuma ya ƙi aiki a wurin. Waɗannan, kamar yadda na sani daga baya, masu gadi ne. Su ne ke tsaye a zaure, su karɓi sunanka da kalmar sirrinka, su buɗe maka ka shiga. Gida ɗaya kuwa mai gadi ɗaya yake ɗauka. Ni a daren ban san ko ɗayansu ba, na danna Enter a kan wanda na tarar. Aka gama, na kashe na kunna, na gyara zama. Sai ga GNOME, tana nan yadda na bar ta, ko kwalli ba a ƙara mata ba. Ɓera bai zo ba.

Mai hankali zai kwanta a nan, amma datar dare da asuba take mutuwa, kuma ni ban taɓa barin abin da na biya ya lalace ba. Na ce tunda ƙaramar ta ƙi, bari in ɗauko babbar, wato KDE. Na rubuta sudo apt install kubuntu-desktop. Ta jero mini sunayen ɗaruruwan ƙunshin manhaja, ta ce in amince. Wa zai karanta wannan da tsakar dare? Na amince. Tambayar masu gadi ta dawo, yanzu sun zama uku, an ƙara wani sddm. Na ce na farko bai tsinana mini komai ba, na ba baƙon aiki.

An gama saukewa, ana tsakiyar kwance ƙunshin ana jerawa, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar nan kuwa ya daɗe da rasuwa, gawarsa kawai muke yawo da ita. Ɗif!

Da wuta ta dawo da hantsi na kunna. Allo baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi a can sama yana ƙyaftawa. Na jira. Yana ƙyaftawa, ina ƙyaftawa. A nan uwargida ta leƙo. Ita ce uwar adashen matan layinmu, kuma ni ne na yi ta yi mata gori har ta bar littafi, ta yarda aka zuba sunayen masu zubi da jerin masu kwasa a kwamfuta.

"Malam, duba mini wa ke da kwasar Juma'ar nan."

"Tana hutawa," na ce.

"Wa?"

"Kwamfutar."

Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "Allah ya ba ta lafiya kafin la'asar, don matan nan ba su san hutu ba."

Na shiga bayan gida na kira yaron, murya ƙasa-ƙasa. Bai ce komai ba na ɗan lokaci, ina jin numfashinsa. Sannan ya ce in koma in danna Ctrl da Alt da F3 tare. Na danna, sai ga rubutu fari yana neman sunana. Ya ce, "Ka gani, Kawu, ba ta mutu ba. Fuskar ce kawai ba ta tashi ba, komai naka yana ciki." Ya sa na rubuta ls Documents, sai ga fayil ɗin adashe a jere da 'yan'uwansa. Na yi hamdala da ƙarfi har uwargida ta tambaya ko an samu. Na ce an gan shi dai, ba a kai ga gaisawa ba.

Bayaninsa shi ne, ainihin mai jera manhajoji a Ubuntu wani ne dpkg, kuma in aka katse shi a tsakiyar aiki, ba zai yarda a ɗora komai ba sai ya ƙarasa na baya. Umarnin ƙarasawar gajere ne: sudo dpkg --configure -a. Gajere a takarda. Ta waya kuwa, da layin da ke yankewa, wani abu ne daban.

"Kawu, rubuta d, sai p."

"Na sa f."

"P, Kawu."

"Ai ita na ce, f."

"Wacce ka sa? Mai kumburarren kai ko mai hannu biyu?"

"Mai hannu biyu."

"Goge. Mai kumburarren kan za ka sa. Yauwa, k, g, ka ba da tazara, sai ƙaramin layi biyu a manne."

"A tsaye ko a kwance?"

"A kwance. Sai configure, a nan kuma mai hannu biyun za ka sa."

Na ce masa wanda ya tsara wannan kalma bai yi shawara da Bahaushe ba. Katina ya ƙare, na ƙara wani. Da umarnin ya shiga, rubutu ya sake gudu, muka bi shi da sudo apt --fix-broken install don cike abin da ya ɓace, sannan sudo dpkg-reconfigure gdm3, na sallami baƙon mai gadi na dawo da na asali. Na kunna. Ga hoto, ga sunana, ga wurin kalmar sirri! Na ce wa yaron Allah ya yi masa albarka, na kashe waya.

Na sa kalmar sirri. Allo ya yi duhu, ya yi haske, ya dawo da ni inda na fito. Na sake, ya sake. Bai ce kalmar ba daidai ba ce, a'a, karɓa yake cikin mutunci, ya buɗe ƙofa, ya mayar ya rufe ina tsaye. A lokacin an fara sallama a tsakar gida, ina jin ƙarar takalma da muryar wata da na san ba ta da sauƙi tana cewa ita dai ta san bayan maman 'yan biyu ita ce.

Na sake kira. Ya ce in koma baƙin allo in rubuta df -h. A layin rumbun Ubuntu na ga 100%. Wuri ya cika taf. Fuskoki uku na ɗura a inda aka yanka don ɗaya, ga ƙunshin da aka sauke a daren jiya jibge a ma'ajiyar apt, tunda ba a kammala aikin ba balle a share. Na ce to in ya cika, ya aka yi gyaran ɗazu ya shiga? Ya ce tsarin ajiyar da Ubuntu ke amfani da shi, ext4, yakan keɓe kashi 5 cikin 100 don mai cikakken iko, wato duk umarnin da ya fara da sudo. Ni kuwa da na zo shiga da sunana, talaka ne. Fuskar tana buƙatar rubuta 'yan ƙananan fayiloli kafin ta buɗe, ba ta samu ko masakar tsinke ba, sai ta faɗi, a dawo da ni waje. Maganin kalma uku ne, sudo apt clean, kuma cikin ikon Allah babu p mai rikici sai guda.

Kafin in sa kalmar sirri ya ce, "Kawu, tsaya. Ka danna sunanka? To dubi ƙasa, hannun dama." Na duba. Wani ɗan hoton ƙarfe mai haƙora, bai kai ƙwayar wake ba. Na danna. Sai ga jeri: Ubuntu, Plasma ta KDE, Xfce.

"Tun yaushe wannan yake nan?"

"Tun lokacin da ka sa Xfce. Ai ta shiga lafiya lau. Zaɓa kawai za ka yi."

Na ce masa layin ba ya da kyau, na kashe. Har gobe ina nan a kan cewa da an yi abin nan da girma, kuma da an bar wuta, da ba wanda ya ji kanmu.

Ɓera ya fito, kuma gaskiya yana da sauri. Aka buɗe fayil, aka tarar mai ƙarar ba ita ke da kwasa ba sai wani makon, ta tafi tana cewa an taɓa injin. Sai dai gidan ya cika da baƙi. Wurin duba fayil uku gare ni yanzu, da Files da Dolphin da Thunar, baƙar taga ma uku, ga tarin manhajoji masu farawa da K da ban san aikinsu ba. In na kunna kuma tambarin Kubuntu ke fara bayyana, abin da ya sa uwargida ta yi zargin na kai kwamfutar an musanya. Na tambayi yaron yadda zan kore su, ya ce akwai apt autoremove, amma ya roƙe ni da girman zumunci in bari sai ya dawo hutu.

Uwargida dai ta aiki yaro ya sayo mata sabon littafi da biro a daren, ta kwafe sunayen kaf. Ni kuma, jama'a, duk wanda ya san inda ake samun batirin tsohuwar kwamfuta mai riƙe caji ko na rabin awa ne, ya taimaka ya yi mini kwatance.