Masu Murɗa Famfo

Daga Zangon Sokode har Dapaong, da wuya ka ji mai kiwon kifi a tanki ya yarda cewa hannunsa ne ya kashe masa kifi. Laifin na abinci ne, ko na mai sayar da iri, ko na maƙwabciya mai baki. Ni kuwa ina ganin yawancin ɓarnar a kan famfon ruwa take faruwa, kuma halin mutum yana fitowa fili a yadda yake taɓa shi.

Ga Malam Ba-zama. Da asuba ya murɗa dama, da hantsi ya murɗa hagu, bayan la'asar ya tsuguna yana kallon tarwada ido cikin ido, wai ko ta ji daɗi. Ƙwayoyin halittar da ke cikin matatar ruwa, masu cinye gubar amoniya da kifi ke fitarwa, sai sun yi makonni kafin su kafu, kuma ruwa ba ya nuna tasirin gyara sai an ba shi yini ɗaya ko biyu. Wanda ya sauya sau biyar kafin magariba, ina zai san wanne ya yi aiki? Amininsa Alhaji A-sake-mata ya ɗauka ƙarfi shi ne lafiya. Ya buɗe famfo har ƙarshe, 'ya'yan kifi na ta juyi kamar wake a tukunya, abincin da ya saya da tsada ya bi bututu kafin su kai baki.

Na fi jin tsoron mai tsumulmula, wanda ke kashe famfo bayan isha'i don kada mita ta ci kuɗi. A ruwa mai kore, gansakuka tana ba da iska da rana, da dare ita ma shaƙa take yi, saboda haka iskar ta fi ƙaranci gab da asuba. A zafin Maris da Afrilu na Dapaong abin ya fi muni, don ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Ya tsimi 'yan sefa, ya wayi gari karfasa ta juya ciki sama.

Sai kuma ɗan boko da ya ga na'urar kwashe kumfa a bidiyo ya yi odarta ta Lome. Na'urar gaskiya ce: tana hura ƙananan kumfa, datti ya manne musu, su tashi su zuba a kofi. Amma don ruwan teku aka yi ta, mai gishiri kusan giram 35 a lita, wanda ke sa kumfa ta yi ƙanana ta daɗe. A ruwan rijiya kumfar haɗewa take yi ta fashe. Dapaong kuwa ta fi kilomita 600 daga teku ta hanyar mota, shi ya sa kofin nasa har yau tas yake.

Za a ce tarwada ai ba ta da mutuwa, tunda tana leƙowa ta shaƙi iska. Haka ne, babba tana jurewa, karfasa kuwa ba ta da wannan baiwa. Ita ma tarwadar in ruwa ya ɓaci sai ta rage ci, wata shida su cika ba ta kai girman da masu gashi a bakin titin Sokode za su taya ba.