Koyon Japananci a Kiyoto cikin Mako Shida, da Abin da Kan Sami Ɗalibi

Kwas ɗin hutun bazara na koyon Japananci yakan ɗauki kamar mako shida, daga farkon Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Da safe aji, da rana yawon ganin gari, da dare ɗalibi ya koma gidan iyalin da aka sauke shi. Da yawa sukan zaɓi Kiyoto, birnin da ya riƙe fadar sarkin Japan daga 794 har 1868. Duwatsu sun kewaye shi ta fuska uku kamar tukunya, zafi ya shiga ba ya fita. Bahaushen da ya sha ranar Afrilu a Sakkwato yakan sauka yana cika baki, sai ya tarar da wani zafi jiƙaƙƙe wanda gumi ba ya bushewa a cikinsa. Kafin kwana uku ya sayi ɗan tawul ya rataya a wuya kamar kowa.

A aji, rubutu ake fara yi. Akwai hiragana mai baƙaƙe 46, da katakana ita ma 46, da ake rubuta kalmomin aro da ita. Waɗannan mako biyu sun isa. Sai kanji, baƙaƙen da aka aro daga Sin, waɗanda hukuma ta tsayar da 2,136 a shekarar 2010 a matsayin na amfanin yau da kullum. Malama takan fara da masu sauƙi, irin su dutse da kogi da mutum. Ɗalibi Musulmi kuwa yakan tsallake ya haddace 豚, mai zane goma sha ɗaya, domin shi ne alade, kuma da shi zai riƙa tsugunawa a kanti yana duba bayan kowace leda kamar mai neman lambarsa a sakamakon jarrabawa.

Wajen furuci Bahaushe yana da rabo. Wanda ya tashi yana bambanta garin mutane da garin tuwo ba zai rikita obasan, wato gwaggo, da obaasan, wato kaka, ba. Turawan ajin su ne ke mayar da matar shekara arba'in kaka da jan wasali ɗaya. Ramin Bahaushe yana wani wurin, kuma ladabinsa ne ke tura shi ciki. Tarbiyya ba ta yarda ya kira sa'ar uwarsa da suna ba, don haka ranar farko ya rusuna wa matar gida ya ce mata Baba, da jan nan na gida. A Japananci babaa zagi ne, kusan a ce wa mace tsohuwar banza. Matar takan yi murmushi, ta sunkuya, ta nuna masa ɗakinsa. Akan yi mako guda ana haka safe da yamma kafin wani ɗan aji ya ji labarin ya riƙe ciki.

Wannan murmushi shi ne babbar wahalar kwas ɗin. Japanawa ba su cika gyara wa baƙo ba. Ɗalibi ya ce konnichiwa kawai, sai a yaba masa a ce ya ƙware, ya tafi yana jin kansa. Ya roƙi abu a ce masa chotto, ma'anarta "kaɗan", a yi shiru. Shi yana tsaye yana jiran kaɗan ɗin, alhali an riga an ce a'a.

Cikin gida, sha'anin takalmi yana da hawa uku. A bakin ƙofa a cire na waje a sa silifa. Za a hau tabarmar tatami, a cire silifar. A ƙofar bayi akwai wata silifa ta daban wadda ba ta fita ko'ina. Kusan kowane baƙo sai ya fito da ita sau ɗaya, ya zo ya zauna cin abinci, iyali duka suna kallon ƙafarsa ba wanda ya tanka. Wanka ma haka: a cuɗa jiki a waje tukuna, sannan a shiga bahon ruwan zafi a jiƙa, a bar ruwan don na baya. Baƙo ake ba wa farko don girmamawa. Shi kuma don tsabta yakan zare toshiyar ya zubar da ruwan gidan gaba ɗaya, har ya wanke bahon.

Firji yana da nasa tarkon. Da bazara kowane gida yana ajiye mugicha, shayin sha'ir mai sanyi, launinsa ja-ja, a cikin gora. A irin wannan gora kuma wasu gidaje ke ajiye mentsuyu, romon waken soya da busasshen kifi da ake tsoma siririyar taliya a ciki, launinsu ɗaya sak. Ɗalibi ya dawo da azahar maƙogwaro ya bushe, ya cika kofi, ya ɗaga kai. Sai a kurɓa ta biyu gishirin ke isa ƙwaƙwalwa. In matar gida tana tsaye, yakan haɗiye ya ce oishii, wato da daɗi, domin ita ce kalmar da ya iya. A kan tebur kuma ba a kafa tsinken cin abinci tsaye cikin shinkafa, don kuwa haka ake ajiye wa mamaci.

A mako na uku akan kai aji ɗakin shan shayi, al'adar da Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya daidaita mata tsari. Zaman da ake yi, seiza, ya yi kama da zaman tahiya, abin da kan sa ɗalibi Musulmi ya dubi Turawa da tausayi. Sai dai tahiya minti biyu ce, wannan kuwa ta wuce rabin awa. Idan aka ce a tashi, ƙafa ta mutu murus, mutum ya miƙe ya tafi luu ya dafa ƙofar takarda.

Wuri ɗaya ne shirun Japanawa ke karyewa. A bikin Gion, wanda babban jerin gwanonsa ke fita ranar 17 ga Yuli, ɗalibai kan sa yukata, rigar auduga mai naɗi. Ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama. Bahaushe, da ya saba fifita dama a komai, yakan ɗora dama a sama, wanda shi ne naɗin gawa. Nan wata tsohuwa da bai taɓa gani ba za ta ja shi gefen titi, ta kwance masa ɗamara, ta sake naɗe shi tana ƙunƙuni cikin karin harshen Kansai, na yankin Kiyoto, da ba a koyar a aji.

Kwas yakan ƙare daidai lokacin Obon, sa'ad da ake raka ruhohin magabata. Ranar 16 ga Agusta da ƙarfe takwas na dare ake fara kunna wuta a duwatsu biyar na Kiyoto. Ta farko, a gabashin gari, siffar baƙin 大 ce, ma'anarsa "babba". Zane uku ne kacal, kuma yana cikin darasin kanji na farko, saboda haka ɗalibi yakan karanta shi da ƙarfi a bakin kogin Kamo, iyalin gidan su tafa masa.