Kayan Adon da Ba Sa Son Wanka

Tun ƙarni na 19 masu hura gilashi a garin Lauscha na ƙasar Jamus ke yin ƙananan ƙwallaye masu sheƙi da ake rataya wa bishiyar Kirsimeti. Ruwan azurfa daga ciki ake zuba shi, fenti kuwa a waje yake, kuma nan rigimar take: tsohon fentin nan da ya ji ruwa sai ya bi shi su tafi tare. Wato mai tsafta ne babban abokin gabarsu. Uwar gida ta ɗauko soso da sabulu da kyakkyawar niyya, kafin ka ce kwabo ta gama da gadon kaka.

Abin da suka yarda da shi kawai, a kaɗe musu ƙura da burushi mai laushi, a hankali, kamar ana lallashin amarya. Rana na sa launinsu ya koɗe, laima na ɓata azurfar, takardar jarida na shafa musu tawada. Kowanne sai an naɗe shi shi kaɗai, don ba sa zaman lafiya da juna. Wata goma sha ɗaya suna kwance a kwali, su fito aikin wata guda, a nan ma kyanwar gidan ce ke zaɓen wanda zai ga baɗi.