Masu Kiwon Jatan Lande a Gilashi, da Danginsu na Yamai

A Yamai, duk abin da ya fito daga ruwa hanyarsa ɗaya ce: tukunya. Giwan ruwa, ƙarfasa, tarwada, ƙurungu, ba wanda ake tambayar kyan fuskarsa. Saboda haka idan mutum ya kafa akwatin gilashi a falo, ya zuba wasu jajayen ƙwari ƴan mitsi-mitsi, ya ce jatan lande ne na kallo ba na miya ba, to ya ba ƴan fada abin shan shayi na wata guda. Masu wannan kiwo ba su taka kara sun karya ba, amma mutanen da ke kewaye da su, da ƴan uwansu masu kududdufin kifi, sun isa a yi musu ƙidaya.

Shugaban tafiyar shi ne Ɗan Bidiyo. Karatunsa kaf a YouTube ya yi shi, tsakanin sha biyun dare da kiran assalatu. Bakinsa ba ya iya cewa jatan lande, sai Neocaridina. In ka kuskura ka zauna, za ka ji cewa asalinta Taiwan da Sin ne, tsawonta wajen santimita 3, macen kuma tana rungumar ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin ciki har kusan wata guda. Ya san Takashi Amano, mutumin Japan ɗin da ya koya wa duniya shuka lambu cikin gilashi, ya san ya rasu a 2015, alhali shekarun ɗansa na fari sai ya tambayi uwar yaron. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da bidiyon ya ɓoye masa shi ne watan Afrilu. Ƴar halittar nan, da ruwa ya haura digiri 28 ta fara jigata, ga shi garin ya saba tsallake 40 kafin la'asar. Sai ka hange shi bayan ɗan kabu-kabu, rungume da ƙanƙara a leda, yana cewa a ƙara wuta, iyali kuwa na gida suna kurɓar ruwan bido mai ɗumi. A Agustan 2023, da Nijeriya ta katse layin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, kowa firigo da cajin waya suka dame shi. Ɗan Bidiyo injin hura iska yake wa juyayi, ya kwana zaune yana motsa ruwa da ludayi.

A gefensa akwai Uwargida, mai tambaya ɗaya tilo da ba ta tsufa: "To Malam, yaushe za su isa ci?" In an ce iyakar girmansu ke nan, sai ta ce busassun da ake kawowa daga bakin teku sun fi su mutunci, ko ba komai suna gyara miyar kuɓewa. Ita ce kuma, da zuciya ɗaya, take feshe falo da maganin sauro bayan magariba ta ja ƙofa. Abin da ke kashe sauro yana kashe jatan lande, kuma ɗan kaɗan ya wadatar. Da safe ta leƙa gilashin ta riƙe haɓa: "Ikon Allah! Jiya fa lafiya lau suke." Ni dai ina bayanta. A garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina, wannan ba shari'ar da za a kai gaban alƙali ba ce.

Mai Saurin Kuka ba ya jiran maganin sauro. Jatan lande yana tuɓe ɓawonsa in zai ƙara girma, ya bar shi fari fes, da ƙafafu da gashin baki, ba abin da ya ragu. Kafin ya duba da kyau har ya sanar da rashin a WhatsApp, an fara yi masa ta'aziyya, mamacin kuwa yana bayan dutse yana jiran sabuwar riga ta yi ƙwari.

Mai Tausayi ya fi shi ɓarna. A ganinsa rowa ce a ba mai rai ƙwayar abinci biyu a yini, don haka yana gutsura musu tuwo, ran Juma'a har da dambu. Ruwa ya yi fari, ya fara tsami. Da ya lura sun yi jugum sai ya ce kaɗaici ne, ya samo musu ƴar ƙarfasa daga bakin kogi ta riƙa ɗebe musu kewa. Kwana biyu, ƙarfasa ta yi ɓulɓul, ita kaɗai.

Akwai baƙon da yake yatsine fuska ya ce wannan ai kunamar ruwa ce, ko halas ce ma? Yana faɗa yana tauna, ledar soyayyar fara ta kasuwar Katako a hannunsa, yaji har gemu. A Malikiyyar da muke bi, abin ruwa halas ne, sai dai ba fatawar yake nema ba. Tsohon Basarke kuwa, wanda ya yi rayuwarsa cikin kwale-kwale a ƙarƙashin gadar Kennedy, kallo ɗaya yake yi musu ya ce, "Yaro, wannan ai na bakin ƙugiya ne. Nawa ka ce ka saya?"

Mai Lissafi yana raina dukkansu, don shi da kasuwanci ya zo. Ɗan ritaya ne, ya kafa tamfol a bayan gida, ya zuba ƴaƴan tarwada dubu. A takarda, wata shida kowace ta yi kilo guda, ya ninka da farashin kasuwa, har ya zaɓi launin mota. Takardar ba ta da layin abinci, wanda shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, ba ta kuma san tarwada na cin ƙannenta in ba a ware manya daga ƙanana ba. Ran kamu ya tarar da ƴan ƙalilan masu ƙaton kai, ya sallami maigadi.

Ɗan Furoje bai taɓa jiƙa hannu ba, amma labarinsa ya fi na kowa daɗi, kuma na gaske ne. Da aka gama madatsar Diama a kogin Senegal a 1986, manyan jatan landen kogin suka rasa hanyar zuwa ruwan gishiri inda ƴaƴansu ke tashi. Suka ɓace, ƙananan katantanwar da suke ci suka yi yawa, tsargiya ta mamaye ƙauyuka. Masu bincike suka mayar da jatan landen a ƙauyen Lampsar, sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna cutar ta ja baya. To, shi yana son a kwaikwayi haka a gonakin shinkafar Saga. In ka tuna masa cewa daga nan zuwa tekun Kwatano an haura kilomita 1,000, sai ya ce daidai, abin da taron bita na kwana uku zai tattauna ke nan, da kuɗin zama.

Wanda ya fi ba ni tausayi, in na gama dariya, shi ne mai kududdufi a bakin kogi wajen Kirkisoye. A Satumban 2020 ruwan kogin Isa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge, ya shiga unguwanni, ya kwashe masa kifi a dare ɗaya. Tun daga lokacin duk tarwadar da ke kogin tasa ce. Yana zuwa kasuwar kifi ta Jemaje ya ɗaga guda ta gashin baki, ya juya ta, ya dubi mai sayarwa.

"Hajiya, a rage mini jika ɗaya. Wannan jikar tawa ce, na gane kan."

"To Alhaji, biya kuɗin reno ka tafi da abarka."