Zuwa Ga Taubashina, Sarkin Wadaka

Kai Na-Boko, a wace bola ka tsinto kalmar nan da ka ishe mu da ita a majalisa? Gwamna ya sayi mota, ka ce squandermania. An gina gada, squandermania. Kana faɗa kana karkace baki, yara sun ɗauka sunan maganin basir ne.

To zauna, bawana, in karantar da kai kyauta. Kalma biyu Turawa suka ƙulla: ta farko facaka da dukiya, ta biyu hauka. Ba kowace ɓarna ake kira haka ba, sai wadda ta zama taɓin hankali, kuma an fi jifan gwamnati da ita. A Ingila ta yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da mai gidan jaridu Lord Rothermere ya sa gwamnati a gaba kan kashe kuɗin haraji, har ya kafa ƙungiyar yaƙi da almubazzaranci a 1921. Jaridunmu na Turanci suka ɗauka, kuma sun sami wurin sa ta. A 1975, zamanin Gowon, aka yi odar siminti tan miliyan 20, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ya daskare tun a cikin jirgi.

Ka ga bakinka bai yi ƙarya ba. Sai dai laifi tudu ne, Malam.

Wa ya ɗinka shadda kala uku don sunan ɗan maƙwabci? Wa ke yawo da waya biyu, ɗaya ba kati, ɗaya ba caji? Ran 28 ga wata kai ne Alhaji a teburin mai tsire, “a ƙara wa kowa”, kana liƙi a bikin da ba a gayyace ka ba. Ran 5 kuma ka bi ta lungu don kada mai shayi ya buɗe littafin bashi. Kyauta dai kana da ita, wannan ko maƙiyinka ya shaida. Hankalin ne aka raba kana barci.

Abu ɗaya ya hana in naɗa maka rawanin kalmar: ita sai da baitulmali, kai kuwa albashin mataki na takwas kake yi wa wannan ta'asa.

Kuɗin sharata na bara har yau shiru. Turo su kafin mai tsire ya hura wuta.