Gwaggo Za Ta Yi Ƙwaƙwalwa

Sarkin Turi, bawana na Zazzau, labari ya iso Kano wai za ka cire wa Gwaggo kafireta ka sa mata injekta. Gwaggo fa, Fijo 504 ɗin nan da aka haɗa a Kakuri tun kana yawo ba wando! Na san tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kowa ya taɓu, amma kai abin a ka ya same ka. Yi haƙuri, ban ce ka zare ba.

Kai a ganinka kamar canza hula ne. To gyara zama in karantar da kai, tunda ko a birnin ilimin naku sai Bakano ya zo ake ganewa. Kafireta baiwar Allah ce: iska ke bi ta maƙogwaronta ta zuƙo mai, in jet ya toshe bakanike ya kwance ya hura da baki, a ci gaba da tafiya. Injekta kuwa 'yar gata ce. Famfon lantarki take so, mai turo fetur da ƙarfi kusan ninki goma na wanda Gwaggo ta saba, ka ga tiyon nan da ka ɗaure da robar keke kwanansa ya ƙare. Tana son wani tiyon mai mayar da ragowar mai tanki. Sai an huda salansa an dasa sensa mai shinshinar hayaƙi, ga wata mai jin zafin inji, ga mai lura da yadda ka taka totur. Dukansu 'yan tsegumi ne, suna kai rahoto wurin akwatin da rewaya ke kira birenbos, shi kuma ya yanke yawan man da za a fesa, yana neman awo 14.7 na iska a kan awo 1 na fetur. Wato motarka za ta yi ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi, gidan dai ya samu mai ita ko da guda ɗaya.

Sai dai halinka nake ji mata. Kai ne mai zuba lita biyu wurin 'yan bumburutu a Kwangila, ka nufi Samaru kana addu'a. Famfon injekta da man yake sanyaya jikinsa. Ka bar shi yana zuƙar iska a busasshen tanki, kwana kaɗan ya ƙone. Dattin galan kuwa, wanda kafireta ke haɗiyewa ta yi tari ta wuce, shi zai toshe ƙofofin injekta masu kama da hujin allura. Kuma ina tamostat ɗin da ka sa aka cire aka jefar wai yana sa mota zafi? In babu shi inji kan daɗe bai ɗumama ba, birenbos ya ɗauka har yanzu asuba ce, ya yi ta ƙara mai. Ka je neman sauƙi ka dawo da mashayiya.

Abin dariyar ma, bakanikai sun shekara suna cire wa motocin Beljiyam injekta suna sa kafireta don sun kasa gane kan wayoyin. Kowa na sauka kai kana hawa. Na yarda, wannan karon kai ne a kan hanya, kada dai kanka ya kumbura: injekta in an saita ta da kyau, tashin safe ba cok ba turi, mai kuma ya ragu. Ko Fijo da kansu sun fito da 504 mai injekta tun 1968, sai dai tasu ba ta kwamfuta ba ce.

Amma shuɗin hayaƙin da Gwaggo ke yi, wanda ya kori sauron unguwarku kaf, ba laifin kafireta ba ne. Ringi ne ya cinye, baƙin mai take ƙonawa, kuma hayaƙin nan shi zai fara kashe sabuwar sensar taka. Lalle ba ya mayar da tsohuwa amarya.

Ka fara sauke inji a canza ringi, a mayar da tamostat, a wanke tanki. In ka gama ka zo Ƙofar Ruwa in raka ka cinikin sauran kayan, don in suka ji bakin Zazzau sai sun ninka maka kuɗi. Ka shigo motar haya, yaran gidana sun ce bana ba za su yi turi ba. Ka kuma riƙo mini kuɗin sharata na bara.