Yadda Za Ka Canza Man Giyar Hilux Ba Tare da Unguwa Ta Taya Ka Ba

Man inji kowa na tunawa da shi, don bakanike na rataye maka takarda kusa da sitiyari. Man giyar otomatik kuwa maraya ne. Ba a tuna shi sai ranar da mota ta fara shura kafin ta shiga giya ta biyu, ko ka sa ta a baya ta tsaya tana tunani. Tun 1968 kamfanin Toyota ke ƙera Hilux, kuma sunan juriya da ta yi shi ya jawo mata. A lafta mata buhunan masara daga Dawanau, a ɗora siminti, a kwaso ragunan layya, duk a cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sannan a ce ai Hilux ba ta mutuwa. Tana mutuwa, kuma sau da yawa ta giya take farawa. A motar otomatik man nan ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke matse kulocin da ke ciki, shi ke sanyaya su, shi ke hana ƙarafa cin juna. In ya ƙone, duk ayyukan nan sun raunana lokaci guda. Ga motar da ke dakon kaya a ƙasa mai zafi da ƙura, makanikai da yawa kan ce kada a wuce kilomita 60,000 ba a canza ba.

Aikin ba wuya gare shi ba. Mutanen da za su kewaye ka su ne wahalar, don haka fara da zaɓen lokaci. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota a ƙofar gida bayan La'asar, lokacin da majalisa ta cika. Kafin ka kwance noti na biyu za ka samu injiniyoyi bakwai, cikinsu har da wanda ko keke bai taɓa mallaka ba. Yi aikinka da sassafe, a cikin gida, a kan daɓe mai daidai, ƙofa a rufe. In hunturu ne kuma iska na kaɗawa, ka ɗaga aikin zuwa wata rana, domin cikin giya ba ya yafe ƙura ko kaɗan.

Kafin ranar, je ka sayo mai, kuma a nan za a fara gwada imaninka. Duba littafin motar, ko ka zaro gejin man giya in motarka na da shi, don galibi an rubuta irin man a jikinsa. Tsofaffin Hilux masu giya huɗu suna shan Dexron ko T-IV, gwargwadon shekararsu. Na baya-bayan nan masu giya shida suna shan wanda Toyota ke kira WS, wanda ya fi tsinkewa. Ko a Kofar Ruwa kake ko a Panteka, akwai 'yan kasuwa masu amana da za su faɗa maka gaskiya, amma a ko'ina ba a rasa wanda zai ɗaga galan ya ce, “Alhaji, ai duk ja ne.” Ka yi masa murmushi ka ce, “Allah ya ba da kasuwa,” ka matsa gaba. Jan launi rini ne kawai da ake zubawa don a bambanta shi da man inji. Duba murfin galan ka tabbata ba a taɓa ɓalle shi ba, kuma kada ka sayi na kwalbar ruwa a bakin titi, ko da mai sayarwa ya rantse maka da kabarin kakansa. Ka tafi da lambar shasi don a ba ka filtar da ta dace, tare da gaskit ɗin faranti, wato murfin ƙarƙashin giya, da ɗan zoben robar da ke wuyan filta. Araha ba ta ado, balle a cikin giya.

Ranar aiki, ajiye shadda. Sa rigar da ka riga ka yi bankwana da ita. Zaga da motar na kamar minti goma don mai ya yi ɗumi ya tsinke, sannan ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya. Hilux na da tsayi, mutum marar tumbi na iya shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga ba. Mai tumbi ya nemi rami, ko ya ɗaga ta ya ɗora a kan ƙafafun ƙarfe na tallafe mota, gaba da baya daidai. A nan ba wasa: jak kaɗai ba abin dogara ba ne, bulon siminti kuma yana farfashewa ba sallama. Motar nan ta kusa tan biyu, kuma kana da iyali.

Yanzu ka san notin da kake nema. A ƙarƙashin Hilux mai jan ƙafa huɗu akwai wuraren tsiyaye mai da yawa: na inji a gaba, na giya a tsakiya, na akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba, sai na aksil. Kowanne da irin mansa. Wanda ya tsiyaye man inji sannan ya ɗura wa giya lita huɗu a kan wanda ke ciki, to ya haɗa wa kansa makoki biyu a rana ɗaya. In motarka ba ta da geji, ta wani noti a gefen giya ake ɗura mai, kuma shi za ka fara sassautawa kafin ka taɓa na ƙasa. Dalili a fili yake. In ka zubar da mai sannan ƙofar ɗurawa ta ƙi buɗuwa, kana da mota mai kyau wadda ba ta zuwa ko'ina, kuma dole ka buɗe ƙofar gida ka nemi taimakon mutanen da ka guje wa.

Tara roba mai faɗi, wadda ka saya da kuɗinka don wannan aiki. Kada ka ɗauki robar wankin shinkafar uwargida da niyyar za ka wanke kafin ta farga. Za ta farga. Kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye, sannan ka bi notocin faranti. Kada ka cire su duka. Bar biyu a gefe ɗaya a sassauce, faranti ya karkata, ragowar man ya sauko a hankali ta gefen da ka zaɓa. Wanda ya cire duka lokaci guda, man zai zaɓi hanya da kansa, kuma hanyar da ya fi so ita ce hannun riga zuwa hamata. In faranti ya manne, ka ɗan bubbuga da gudumar roba. Kada ka cusa sukundireba ka ɓanɓare, don in ka ƙarce leɓen alminiyon nan zai yi ta yoyo har ka sayar da motar.

Duk abin da ya fito, auna shi a galan mai alamar lita ka rubuta. Za ka ga bai wuce lita uku zuwa huɗu ba, alhali giyar gaba ɗaya na ɗaukar wajen goma. Ba a yi maka sata ba. Sauran na cikin kwambata, na'urar da ke tsakanin inji da giya, da bututan da ke kai mai wurin sanyaya.

Da ka sauke faranti, zauna ka karance shi, don a nan motar ke ba ka labarin abin da ka yi mata. Akwai ƙananan maganaɗisu manne a ciki. In ka ga baƙar laka mai laushi a kansu, ba komai, cin yau da kullum ne. In ka ji ɓarɓashin ƙarfe na sukar yatsa, ko mai ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri, giya ta riga ta ji jiki, kuma sabon mai ba zai mayar da abin da ya cinye ba. In kuma ka ga man ya yi kamar nono da aka zuba wa zoɓo, ruwa ya shiga, galibi ta lagireto, inda bututun man giya ke ratsawa. Wannan ya wuce aikin gida, nemi bakaniken da ya san giyar otomatik tun kafin ka sake tayar da motar.

Daidai wannan lokaci, duk rufe ƙofar da ka yi, maƙwabci zai leƙo ta katanga ya ce, “Maigida, ba a canza man otomatik fa. Wani abokina ya canza, kwana uku giya ta mutu.” Amsa masa gaisuwa da mutunci, ka tambayi iyali. Abokin nasa bai tuna da mai ba sai da giya ta fara zamewa, ya canza a makare, sannan aka ɗora wa sabon mai laifin tsohon sakaci. Abin da za ka ɗauka a maganarsa ɗaya ne: tsohuwar giyar da ba a taɓa kula da ita ba, kada a sa mata injin da ke tura mai da ƙarfi don wanke ciki. Tsiyaya da ɗurawa a hankali ya fi mata.

Cire tsohuwar filta, ka shirya, don ita ma tana riƙe da ɗan mai da ta tanadar wa fuskarka. Leƙa ka tabbata tsohon zoben roba ya fito, bai maƙale a rami ba. Shafa wa sabon zobe sabon mai kafin ka tura. Wanke faranti da maganaɗisu tas, ka bari su bushe, ka mayar da kowane maganaɗisu inda ka same shi. Kada ka goge da tsohuwar singileti ko auduga, don zare ɗaya na iya toshe ƙananan hanyoyin mai da ke cikin giya. Wasu giyoyin gaskit ake sa musu, wasu gam na musamman. In taka mai gaskit ce, kada ka ƙara gam don neman albarka. Abin da ya yi yawa ciki zai faɗa.

Ɗaure faranti shi ne inda ƙarfi ke ɓata aiki. In kana da yaro majiyin ƙarfi da ke ta cewa, “Baba, kawo in ɗaure maka,” ba shi tocila ya riƙe. Notocin nan ƙanana ne, ɗaurinsu bai kai Nm 10 ba, kuma a cikin alminiyo suke shiga. Fara kama su duka da yatsa, sannan ka bi su a gicciye, wannan gefe sai wancan, kaɗan-kaɗan. In kana da sifana mai auna ɗauri, yau ce ranarta. Notin tsiyaya kuma a sa masa sabon washa.

Ɗura daidai abin da ka auna. Mai geji, ta bututun gejin za ka zuba da mazurari mai tsabta. Marar geji, sai da ɗan famfon hannu da tiyo. Tayar da inji, taka birki, ka bi da giya kowane matsayi kana ɗan dakatawa, ka dawo P. Ana duba man giya inji na aiki, mota a daidai, kuma alamar zafi ake bi bayan mota ta yi zafi. A marar geji akwai wani ƙaramin noti a jikin faranti da ake buɗewa lokacin da mai ya kai zafin da littafi ya ƙayyade. In ya koma ɗiga siriri, ya yi daidai. Kada ka ƙara rabin lita don kyautatawa. Man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta matse kuloci.

Fita ka zaga, ka saurari yadda take shiga giya, ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya kwana. In da safe kwali ya tashi a bushe, ka buɗe ƙofa, majalisa ta shigo ta yaba. Tunda kashi ɗaya cikin uku ka canza, in tsohon man ya yi duhu sosai, ka sake tsiyayewa ta noti kawai bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, ba sai ka sauke faranti ba. Tsohon man kuwa kada ka zuba a kwata ko bayan katanga, domin ƙarshensa rijiyar unguwa. Ɗura shi a galan ka rufe, ka kai garejin da ke tarawa. Rubuta lambar mita da kwanan wata a takarda ka saka cikin littafin motar, sannan ka sayo wa uwargida sabulu mai yawa kafin ka miƙa mata rigar nan.